Yadda Ake Zaɓen Tayar Keke don Kwalta, Zirga-zirgar Yau da Kullum da Hanyar Daji

Kafin ka duba sunan kamfani ko kyan zanen sabuwar taya, durƙusa ka karanta gefen tsohuwar da ke kan kekenka. Akwai lambobi iri biyu ko uku da aka buga a jikin robar, wani lokaci sai ka goge ƙura da yatsa kafin su fito. Wadda za ka riƙe ita ce mai lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 37-622 ko 54-559. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuwa girman da'irar rim a daidai inda leɓen taya ke zama. Wannan shi ne ma'aunin ETRTO, wanda ake kuma kira ISO 5775, kuma shi kaɗai ne ba ya yaudara. Lamba ta biyu babu ciniki a kanta: tayar 622 sai rim ɗin 622. Ta farkon ce kake da ikon canzawa.

Ma'aunin inci shi ke jefa mutane cikin asara. Sunan "inci 26" kaɗai yana ɗauke da rim aƙalla biyar da ba sa shiga juna: 559 na tsofaffin kekunan hawan dutse, sai 571, 584, 590 da 597. Taya mai rubutun 26 x 1.75 da mai rubutun 26 x 1 3/4 a lissafin makaranta abu ɗaya ne, amma a kan keke ko hanya ba su haɗa ba, ta farko 559 ce, ta biyu 571. "Inci 28" ma iri biyu ne: akwai 622, akwai 635 na manyan kekunan ƙarfe masu birkin sanda, wanda ake rubutawa 28 x 1 1/2. Abin dariyar shi ne rim ɗin da ake kira inci 27, wato 630, ya fi na inci 28 mai 622 girma. A ɗaya ɓangaren kuma, 700C na keken tsere da inci 29 na keken dutse duk 622 ne, faɗi ne kawai ya raba su, haka nan 650B da 27.5 duk 584 ne. Kekunan yara da masu naɗewa ma ba su tsira ba, don inci 20 na iya zama 406 ko 451. Milimita 8 ɗin da ke tsakanin 630 da 622 sun isa su sa ka karya liba, wato abin ɓanɓare taya daga rim, kana kokawar cusa tayar da ba za ta taɓa shiga ba, ko kuma, in an juya lissafin, tayar ta shiga salin-alin sannan ta tsallake bakin rim da zarar iska ta cika ta. Idan rubutun ya goge gaba ɗaya, duba takardar da ke manne a jikin rim, in ita ma babu, kwance wilin ka tafi da shi a gwada.

## Faɗin da keken zai ɗauka

Abu biyu ke yanke maka iyakar faɗi: jikin keken da cikin rim. A jikin keke wurare huɗu ake dubawa. Na farko tsakanin ƙarafa biyun da suka taso daga gindin feda zuwa wilin baya, kuma galibi nan ne ya fi matsewa. Sai ƙarƙashin kan fok a gaba, sai ƙarƙashin birki in mai kama rim ne, sai cikin madigad in akwai. Ana son tazarar milimita 4 ta kowane ɓangare a keken kwalta, milimita 6 ko fiye a keken da zai shiga laka. Zura alanki mai lamba 4 ko 6 tsakanin taya da ƙarfe, in ya wuce bai goga ba, akwai wuri. Dalili kuwa, wili yana ɗan lanƙwasa idan ka miƙe kana danna feda da ƙarfi, tsakuwa tana maƙalewa a taya ta zagayo da ita, laka tana taruwa, kuma duk abin da ya rasa hanyar wucewa fenti zai fara ci kafin ya shiga jikin keken. Yawancin kekunan tsere masu birkin rim ba sa wuce milimita 28. Masu birkin faifai sukan ɗauki 32 zuwa sama.

Shi kuma rim, faɗinsa na ciki ake kallo, daga bango zuwa bango, kuma sau da yawa an rubuta shi kamar haka: 622x19C, ma'ana milimita 19. Tsohuwar ƙa'ida ita ce faɗin taya ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na cikin rim, ko da yake tayoyin dutse suna wuce haka ba matsala. Rim mai 17 zuwa 19 yana zama lafiya da taya 25 zuwa 37. Mai 21 zuwa 25 ya dace da 28 ko 30 zuwa 50. Mai 30 na tayoyin dutse ne masu inci 2.3 zuwa 2.6. In ka ɗora taya mai faɗi a siririn rim, za ta yi tumbi, ta riƙa kwanciya gefe a kwana, musamman in iska ta yi ƙasa. In ka ɗora siririya a rim mai faɗi, bakin rim zai fito fili duwatsu su yi ta dukansa, kuma tayar na iya suɓucewa. Ka kuma sani cewa lambar da ke jikin taya ba ita ce faɗinta na gaskiya a kan kowane rim ba. Tayar 28 tana iya buɗewa ta kai 30 a rim mai faɗi, don haka in tazararka ta kusa ƙarewa, auna bayan an buga iska an bar ta ta kwana.

## Abin da ke cikin taya

Taya sassa huɗu ce: leɓe, saƙar ciki, robar waje, da ɗamarar kariya in an saka. Leɓe shi ne zoben da ke kama rim. Ana yinsa da wayar ƙarfe, ko da zaren aramid wanda aka fi sani da sunan Kevlar. Mai zare tana naɗewa ta shiga jaka, kuma ta fi mai waya rashin nauyi da giram 50 zuwa 100. Wajen riƙe rim duka biyun suna yi.

Saƙar ciki ita ce tayar a zahiri, robar riga ce kawai. Ana auna ta da TPI, wato yawan zare a kowane inci. Mai 30 zarenta kauri ne, ga tauri ga nauyi. Mai 60 ita ce tsaka-tsakin da ta dace da yawancin mutane. Mai 120 zuwa sama zarenta siriri ne, tana lanƙwasa ta bi kowane ɗan tudu a kan hanya, tana gudu tana da daɗin hawa, amma dutse mai kaifi ba ya wahala da gefenta. A yi hattara da manyan lambobi, domin wasu kamfanoni suna haɗa yawan zaren shimfiɗa uku su rubuta jimla, sai ka ga 330 alhali 110 ce sau uku.

Robar waje ciniki ne na ba-ni-in-ba-ka. Mai laushi tana kama ƙasa amma tana saurin cinyewa kuma tana jan ƙafa, mai tauri tana daɗewa amma tana santsi a jiƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa ake yin tayoyi masu roba iri biyu ko uku, tsakiya mai tauri, gefe mai laushi. Sinadarin silika da ake gaurayawa a robar tayoyin zamani ya rage wannan matsalar sosai, musamman a ruwa.

## Kwalta

An daɗe ana ɗauka cewa siririyar taya mai iska kamar dutse ita ce mai gudu, har 'yan tsere suka yi shekaru a kan milimita 23 da ƙasa da haka. Yanzu su kansu sun koma 28 zuwa 30. Idan iska ɗaya ce a ciki, taya mai faɗi tana taɓa ƙasa da tabo gajere mai faɗi, siririya kuwa da tabo dogo, kuma dogon tabo yana sa saƙar ta fi lanƙwasa, ƙarfinka ya tafi a zafi. Ga kuma abin da ya fi wannan girma: kwalta ba madubi ba ce. Taya mai tauri tana tsalle a kan kowace ƙwayar tsakuwa, keken da mahayinsa su yi ta girgiza, wannan girgizar kuwa daga ƙafarka ake biyan kuɗinta. Mahayi yana jin kamar yana gudu saboda karkarwar da ke hannunsa, agogo kuma yana faɗin wani abu dabam. Ga wanda ba tsere yake yi ba, 28 zuwa 32 shi ne zaɓinmu, kuma in keken zai ɗauki 32, a sa 32.

Zane a tayar kwalta kusan ado ne. Mota tana bukatar ramukan zane don ta kori ruwa, saboda tayarta shimfiɗaɗɗiya ce kuma tana gudu sosai. Tayar keke siririya ce mai zagaye, tana yanka ruwa ta taɓa ƙasa a duk gudun da ɗan Adam zai iya yi da ƙafarsa. Abin da ke riƙe ka a jiƙaƙƙiyar kwana ingancin roba ne da daidaiton iska. A kan murfin ƙarfe, fentin layin hanya ko man da ya zube kuwa, babu tayar da ke kamawa, sai dai ka miƙar da keken ka wuce ba birki.

Tayar tsere irin Continental Grand Prix 5000 mai faɗin 28 nauyinta bai kai giram 300 ba, kuma a wilin baya takan yi kilomita dubu uku zuwa biyar, gwargwadon nauyin mahayi da kaushin hanya. Irin Gatorskin ta kamfanin ɗaya ta fi jure yanka amma ta fi tauri a ƙarƙashin mutum. Wanda hanyarsa ke da tsabta ya ɗauki ta farko, wanda ke yawan bin gefen titi inda kwalabe da wayoyi ke taruwa ya ɗauki irin ta biyu.

## Zuwa aiki da dawowa

A nan lissafin ya canza. Minti ɗaya da taya mai gudu za ta rage maka bai kai minti ashirin ɗin da za ka ɓata a bakin hanya kana faci da kayan aiki a jikinka ba. Nemi faɗin 35 zuwa 47, saƙar 60 ko kusa da haka, da ɗamarar kariya a ƙarƙashin roba. Ɗamarar iri biyu ce. Akwai siririn ƙyalle mai matsattsiyar saƙa na aramid ko Vectran, wanda ke tare tsinin kwalba ba tare da ƙara nauyi sosai ba. Akwai kuma shimfiɗar roba mai kauri, irin ta Schwalbe Marathon Plus mai milimita 5, wadda ƙaramar ƙusa ko ƙaya ke nutsewa a ciki ba ta kai ga tif, wato robar ciki mai riƙe iska, ba. Irin wannan ta biyun nauyinta na kusantar kilo ɗaya, za ka ji ta a duk tashi daga tsayawa, kuma saka ta a rim aiki ne, amma tana iya wuce kilomita dubu goma. Tana da wata illa da ba a cika faɗa ba: saboda kaurinta, in ka matsa da yatsa za ka ji tauri ko da iskar ta yi rabi. Sai da geji ake sanin gaskiyarta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne hawa tayar dutse mai manyan haƙora a kan kwalta, da tunanin ta fi ƙarfi. Haƙoran suna kuka, suna jan ƙafa, suna cinyewa da wuri, kuma a kwana suna lanƙwashewa keken ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Tsakanin haƙori da haƙori kuma robar siririya ce, nan ƙaya ke shiga. Wanda ke da keken dutse yana zirga-zirga da shi a gari ya sa masa taya mai sumul ko mai ƙananan zane, faɗin inci 1.75 zuwa 2.0, zai ji kamar an canza masa keke. In hanyar ta haɗa kwalta da ɗan burji, akwai masu sumul a tsakiya da ƙananan haƙora a gefe.

Farin layi mai ƙyalli a gefen taya yana da amfani ga mai tafiyar dare, domin fitilar mota in ta haska daga gefe zobe biyu direba ke gani, nan take ya gane keke ne. Mai ɗora kaya a kariya ko ɗaukar yaro ya duba nauyin da aka yarda tayar ta ɗauka, ya kuma ƙara faɗi a baya. Keken lantarki yana cin taya fiye da na ƙafa saboda nauyi da ƙarfin inji, kuma masu gudun kilomita 45 a awa a Turai ana bukatar su sa taya mai shaidar ECE-R75. Tayoyin roba zalla marasa iska kuwa, gaskiya ba sa faci, amma suna da nauyin ja, suna aika kowane rami kai tsaye zuwa sifok da bayan mahayi. Ba mu ba da shawararsu sai ga gajeriyar tafiya.

## Burji, dutse, laka da yashi

A wajen kwalta ne zane ke aiki, domin ƙasa tana da laushin da haƙori zai nutse a ciki. Kalli tayar dutse da kyau za ka ga haƙora sahu biyu. Na tsakiya su ke tura keke gaba su kuma tsayar da shi, na gefe su ke riƙe shi idan ya kwanta a kwana. A busasshiyar ƙasa mai tauri, ƙananan haƙora masu kusa da juna sun fi, don suna gudu kuma ba sa lanƙwasa. A ƙasa mai sako-sako da tsakuwa ana son manya masu tsayi. A laka ana son dogaye masu tazara sosai, saboda laka ta samu hanyar faɗuwa, in ba haka ba cikin mita kaɗan za ta cike ramukan tayar ta koma sumul kamar tulu. A taɓo mai danƙo taya mai ɗan siranta ta fi, tana yankawa ta kai ga ƙasa mai tauri kuma tana barin wuri a jikin keke. Yashi akasin haka yake so: faɗi da ƙarancin iska, don keken ya yi iyo a sama. Kekunan da aka ƙera don yashi da ƙanƙara tayarsu tana kai inci 4 zuwa 5, iskar ciki kuma ba ta kai bar ɗaya ba a ma'aunin matsin iska.

Keken burji yana tafiya da milimita 38 zuwa 50. Keken dutse na doguwar tafiya da hawa yana son inci 2.2 zuwa 2.4, na gangara da duwatsu 2.4 zuwa 2.6. Ba dole gaba da baya su zama iri ɗaya ba, hasali ma gara su bambanta. In tayar baya ta zame, galibi ana iya gyarawa a ci gaba, in ta gaba ta zame sai ƙasa. Don haka mai manyan haƙora da roba mai laushi ta tafi gaba, mai saurin gudu da roba mai tauri ta tafi baya. Wasu kamfanoni suna rubuta taurin roba da lamba, 60a mai tauri, 42a mai laushi ƙwarai.

A wuri mai duwatsu masu kaifi, kaurin saƙa ya fi zane muhimmanci, domin gefe ne ke yagewa. Maxxis, alal misali, tana da matakai: EXO mai sauƙi, DoubleDown mai shimfiɗa biyu, sai ta gangara zalla wadda ta fi su duka nauyi. Mai nauyin jiki ko mai yawan dukan rim a kan dutse ya sa mai kauri a baya ko da ya bar mai sauƙi a gaba.

## Tif ko tubles

Tif na baƙar roba, wato butil, shi ne na kowa, yana riƙe iska kuma yana karɓar faci. Na robar latex ya fi gudu amma kullum sai an ƙara masa iska. Na TPU, mai kama da leda, ba shi da nauyi kuma ba ya cin wuri a jaka, sai dai yana da nasa facin na musamman. Kowane tif yana da iyakar faɗin da aka rubuta a kwalinsa, kamar 28/32-622. Ƙarami a babbar taya yana miƙewa ya yi siriri, babba a ƙaramar taya yana naɗewa ya tsage a wurin naɗin. Bawul iri uku ne: Presta siriri mai ramin milimita 6.5, Schrader irin na mota mai ramin 8.5, da Dunlop wanda shi ma ramin 8.5 yake shiga. A rim mai zurfi, bawul ya fi zurfin rim ɗin da aƙalla milimita 15, in ba haka ba kan famfo ba zai kama ba.

Tubles, wato marar tif, ya shigo kekunan dutse a 1999 da tsarin UST na kamfanin Mavic. Ana rufe ramukan sifok da tef na musamman, a sa bawul mai roba a gindi, a zuba ruwan toshiya a cikin tayar. Ƙaya in ta shiga, iska tana tura ruwan cikin ramin ya daskare kafin ma ka lura. Ana zuba mililita 30 zuwa 60 a tayar kwalta, 60 zuwa 90 a ta burji, 90 zuwa 120 a ta dutse. Ruwan yana bushewa cikin wata biyu zuwa shida, kuma zafi yana gaggauta shi, don haka a riƙa girgiza wilin a saurara, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara. A daji tubles ya yi wa tif nisa, saboda yana ba da damar rage iska ba tare da tsoron rim ya ciji tif a kan dutse ba. Ga keken da ake ajiyewa wata da watanni kuwa wahala ce kawai. Dole taya da rim duka su zama na tubles, kuma ko da haka a tafi da tif ɗaya a jaka don yankan da ya fi ƙarfin ruwa. Akwai sababbin rim marasa ƙugiya a baki, masu miƙaƙƙen bango. Waɗannan ba a wuce musu bar 5, wato 72.5 a ɗaya ma'aunin iskar da ake kira PSI, kuma sai tayar da kamfaninta ya ce ta dace da su.

## Iska

Taya mai kyau, in iskarta ba daidai take ba, ta fi matsakaiciyar taya mai daidaitacciyar iska muni. Lambar iskar da ke gefen taya iyaka ce, ba umarni ba, kuma rim ma yana da tasa iyakar, ƙaramar cikin biyun ake bi. Bar ɗaya PSI 14.5 ne. Ga mahayi mai kilo 75, a fara daga nan: taya 25, bar 5.5 zuwa 6. Taya 28, bar 4.5 zuwa 5. Taya 32, wajen bar 4. Tayar gari mai 37 zuwa 40 da tif, bar 3.5 zuwa 4. Tayar burji mai 40 zuwa 45 tubles, bar 2.2 zuwa 2.8, tayar dutse mai inci 2.4 tubles, bar 1.5 a gaba, 1.8 a baya. Mai nauyi ko mai kaya ya ƙara, marar nauyi ya rage. Wilin baya yana ɗauke da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na nauyi, shi ya sa gaba ke samun ƙasa da baya da kimanin bar 0.3. In hanya ta jiƙe, a rage kamar haka kuma.

Daga nan sai gwaji a hanyar da ka saba bi. In keken yana tsalle, hannu yana mutuwa, tayar tana zamewa a kwana mai tsakuwa, iska ta yi yawa. In kana jin rim yana dukan ƙasa a bakin rami, ko tayar tana lumewa gefe a kwana, ta yi kaɗan. A riƙa canzawa da bar 0.2 a lokaci guda. Siririyar taya a duba ta duk bayan kwana biyu ko uku, mai faɗi duk mako, domin iska tana ratsa roba ta fita ko babu huji.

## Sakawa, da karanta faci

Duba kibiyar da ke gefen taya mai nuna inda za ta juya. Daidaita sunan kamfani da ramin bawul, ba don kyau kaɗai ba: ran da aka yi faci, nisan hujin daga bawul a jikin tif zai nuna maka daidai inda za ka nemi ƙayar a jikin taya. Shigar da leɓe ɗaya, hura wa tif iska kaɗan har ya yi zagaye, sa bawul a miƙe, cusa sauran. Fara leɓe na biyu daga ɗaya ɓangaren wilin, wanda ya fi nisa da bawul, ka ƙare a wurin bawul. In ƙarshen ya ƙi shiga, kada ka kai hannu ga sukundireba. Tsakiyar rim akwai kwari, bi tayar da hannu kana matse leɓunan biyu suna faɗawa cikin kwarin, kana turo sassaucin zuwa inda ya rage, sai ka mirgina ragowar da tafin hannu. Kafin ka cika iska, leƙa ɓangarorin biyu ka tabbata tif bai leƙo ƙarƙashin leɓe ba. Buga bar ɗaya, juya wilin ka kalli siririn layin da ke saman leɓe, ya kasance tazararsa da bakin rim ɗaya ce ko'ina. Inda ya nutse, sace iskar ka shafa ruwan sabulu ka sake bugawa.

Tif ɗin da ya sace yana faɗin abin da ya same shi. Huji ɗaya a bayansa, ƙaya ce ko kwalba ko waya, kuma tana nan a jikin taya har sai ka zagaya cikinta da tsumma ka ji inda ya kama. Tsaga biyu a jere kamar saran maciji, rim ne ya cije tif a kan dutse ko bakin rami, maganinsa ƙarin iska ko ƙarin faɗi. Huji ta ciki, ɓangaren da ke kallon sifok, tef ɗin rim ne ya goce ko ya tsufa. Doguwar yagewa mai ƙara kamar bindiga, tif ne ya fito ta ƙarƙashin leɓe ko ta yagaggen gefe. Tsagewa a gindin bawul kuwa alamar an daɗe ana hawa da ƙarancin iska, tayar tana zamewa a kan rim tana jan tif, kuma tun kafin ya tsage za ka ga bawul ya karkace. Wajen faci, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar har ƙyallinsa ya dushe, sannan a manna a danne. Yawancin facin da ke tashi gaggawa ce ta tashe shi.

Tayar baya tana cinyewa ninki biyu ko uku na ta gaba. Lokacin canji ya yi idan tsakiyarta ta baje ta daina zagaye, ko zare ya fara leƙowa, ko faci ya yawaita ba dalili, ko wani wuri ya kumbura, wanda ke nuna zaren ciki ya tsinke. Wasu tayoyin kwalta suna da ƙananan ramuka biyu a tsakiya, ran da suka shafe tayar ta gama. A tayar dutse, haƙoran gefe ake dubawa, in sun fara tsagewa daga gindi ba za su riƙe kwana ba ko da na tsakiya suna nan. Kada a mai da suɗaɗɗiyar tayar baya gaba don a ƙara mata kwana. In iri ɗaya ne, ta gaba ta koma baya, sabuwa ta hau gaba. Tayar ajiya kuma a sa ta a inuwa, nesa da fetur da man inji da injinan lantarki, waɗanda iskar da suke fitarwa ke sa roba tsattsagewa. Keken da zai daɗe ba a hau ba a rataye shi, ko a riƙa ƙara masa iska, domin in ya zauna a kan sacacciyar taya gefenta zai karye a daidai inda nauyin ya danne.